Yadda Ake Haɗa Katin Gaisuwa Na Hannu Don Baba Da Sauran Maza

Na fi shekara goma ina haɗa katin gaisuwa da hannuna, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce ta katin maza. In na mace ne hannu ya riga ya saba: fure, ribon, ɗan ƙyalƙyali, an gama. Amma da an ce na Baba ne, ko na Kawu, ko na maigida, sai ka ga mutum ya yi zuru yana jujjuya almakashi. Daga ƙarshe a ɗauko baƙar takarda a manna hoton mota ko na ƙwallo, alhali mai katin wataƙila bai taɓa zama ya kalli wasa ba.

Abin da na gano shi ne, abu biyu ke riƙe da katin namiji. Na farko tsabtar aiki, domin adon ba shi da yawa, saboda haka babu inda karkataccen yanka ko tabon gam zai ɓuya. Na biyu, abu ɗaya tak da aka ɗauko daga rayuwar mutumin, wanda da ya gani zai san da shi ake. Zan koya maka katin da na fi yi, mai siffar riga da kwala da aljihun gaba, tun daga yanka har ambulan. In ka iya shi, sauran salon da zan kawo a ƙasa duk ƙannensa ne.

Kayan aiki

Takarda mai kauri ita ce gindin katin, kuma a kanta ya kamata ka fi tsayawa. Ana auna kaurin takarda da nauyinta, wato giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya, za ka ga an rubuta lamba da haruffan gsm a jikin fakiti. Takardar da ake buga rubutu a ofis 80 ce, ba za ta tsaya da ƙafarta ba. Nemi tsakanin 220 da 300. Ƙasa da 200 katin zai riƙa langaɓewa in an jingine shi a kan tebur, sama da 300 kuma ninkewa na wuya. Girman A4 ya isa, wato santimita 21 a faɗi, 29.7 a tsawo. Falle ɗaya kati biyu yake bayarwa. In ba ka samu ba, murfin tsohon fayil na kwali ko bangon kalandar tebur yana yin aikin, muddin babu rubutu a ɓangaren da zai fito waje.

Sai takardar rigar. Wannan ta fi sirara, tsakanin 100 da 160, mai ratsi-ratsi ko mai gida-gida ko launi ɗaya. Takardar naɗe kyauta tana yi in ba mai sheƙi ba ce. Cikin wasu ambulan na ofis ma akwai ɗan zane shuɗi ko ruwan toka da ke kama da yadin riga sosai, ni kam ba na yar da su.

Sauran kayan:

- Rula ta ƙarfe. Ta roba wuƙa na cin gefenta, daga nan duk layin da ka ja zai fito da ƙusumbi.
- Wuƙar yanka takarda mai sabon baki, da almakashi ƙarami mai tsini.
- Abin ɗorawa a yi yanka. Akwai tabarmar roba da aka yi don haka, in babu, kwali mai kauri ko tsohon katako mai santsi.
- Fensir mai tsini da abin goge shi mai tsabta.
- Biron da tawadarsa ta ƙare, da ƙaramin cokali. Za ka ga amfaninsu.
- Gam iri biyu: na sanda da ake murzawa, ko salatif mai manne gaba da baya, domin takarda; sai farin gam na ruwa, ɗan kaɗan, domin maɓalli.
- Ƙananan maɓallan riga uku ko huɗu, da zare da allura.
- Farar takarda falle ɗaya domin rubutun ciki, da biro mai kyau wanda ba ya zuba.

Ka wanke hannu ka shanya shi sosai kafin ka fara, kuma ka ajiye ɗan ƙyalle mai laima a gefe don goge yatsu. Maiƙon hannu a kan takarda mai duhu ba ya fita.

Mataki na 1: Ka san wanda kake yi wa

Wannan matakin ba ya buƙatar almakashi, amma shi ne ya fi kowanne. Ka zauna ka tuna mutumin. Wace riga ya fi sa wa? Me ke cikin aljihunsa kullum? Me hannunsa ya fi taɓawa in ya dawo gida: rediyo, littafi, sifana, tiyo na ban ruwan shuka?

Mahaifina mutum ne da ba ya rabuwa da biro biyu a aljihun gaba, shuɗi da ja, sai tabarau a cikin gidansa mai ruwan ƙasa da gefensa ya fara saɓewa. Katin farko da na yi masa da ya karɓu, riga ce mai ratsin shuɗi da waɗannan biro biyu na takarda suna leƙowa daga aljihu. Ya ɗaga katin, ya duba aljihun rigar da ke jikinsa, ya sake duba katin, sannan ya yi murmushi. Bai ce komai ba, amma har yau katin na cikin littafin da yake ajiye muhimman takardunsa.

Daga abin da ka tuna za ka zaɓi launi. Kada ya wuce uku: ɗaya na gindi, ɗaya na riga, ɗaya ɗan kaɗan na fito da aiki. Shuɗi mai duhu da fari da ɗan ja suna tafiya tare. Ruwan ƙasa da ruwan madara da kore mai duhu ma haka. Ruwan toka da baƙi suna son ɗan ruwan ɗorawa ko ruwan lemo ya farkar da su. Amma in mutumin mai son tufafi masu haske ne, bi shi, kada ka lulluɓe shi da duhu don kawai an ce na maza ne.

Ka kuma duba ranar da kake nufi. In Ranar Uba ce, ba ɗaya take a ko'ina ba. A Amurka da Ingila da ƙasashe da dama Lahadi ta uku ce a watan Yuni. A garin Spokane na Amurka aka fara ta a 1910, ta zama doka a ƙasar baki ɗaya a 1972. A Italiya da Sifen da Fotugal 19 ga Maris ce, a Ostireliya kuwa Lahadin farko ta Satumba. Wanda mahaifinsa ke zaune wata ƙasa ya lura da wannan. Ko wace rana ce, fara aƙalla kwana uku kafin ta, saboda katin na buƙatar kwana ɗaya a ƙarƙashin nauyi.

Mataki na 2: Yanka gindin katin

Kwantar da takardar mai kauri, ka auna santimita 14.8 a dogon gefen, sama da ƙasa, ka sa ɗigo biyu da fensir. Kullum ɗigo biyu, domin ɗigo ɗaya ba ya ba da miƙaƙƙen layi. Ɗora rula, danne ta da yatsu a baje, ka ja wuƙa. Kada ka nemi yankewa a ja ɗaya. Ja a hankali sau biyu ko uku ba tare da ka ɗaga rular ba. Dannawa da ƙarfi ita ke sa wuƙa ta zame ta ci yatsa ko ta bar gefe mai gashi-gashi. Rular ta zauna a kan ɓangaren da kake so, yadda ko wuƙar ta kauce, ragowar za ta ci.

Yanzu kana da falle mai santimita 21 da 14.8, shi ake kira A5. In an ninke shi biyu zai koma 10.5 da 14.8, wato A6, girman da ke shiga ambulan C6 daidai. In takardar da ke hannunka irin ta Amurka da Kanada ce, mai inci 8.5 da 11, raba ta biyu haka nan, katin zai fito inci 4.25 da 5.5, sai ka ɗan gyara awon rigar ya dace.

Mataki na 3: Ninki

A nan ake gane katin wanda ya iya. Takarda mai kauri in aka ninke ta kai tsaye da hannu, bayanta yana tsattsagewa, farin ciki ya leƙo, musamman in mai duhu ce. Sai an fara yi mata hanya.

Auna santimita 10.5, sa ɗigo sama da ƙasa, ɗora rula, ka bi layin da mataccen biron nan kana dannawa, sau biyu ko uku, har ya yi ɗan kwari. A ɓangaren da zai zama wajen katin ake jan wannan layi. In ka juya takardar za ka ga ɗan tudu ya taso a ɗaya ɓangaren. Wannan tudun shi zai kasance a ciki in ka ninke. Mutane da yawa suna yin akasin haka domin ya fi kama da daidai a ido, amma takarda mai kauri ta fi lafiya in tudun na ciki. Ninke a hankali, haɗa kusurwoyi su hau kan juna, sannan ka bi karin da bayan cokali daga tsakiya zuwa sama, daga tsakiya zuwa ƙasa. In takardar mai duhu ce, ɗora farar takarda a kai kafin ka goga, in ba haka ba cokalin zai bar sheƙi.

Abu ɗaya game da takarda da ya kamata ka sani: zaren cikinta yana da inda ya kwanta, kamar itace. Lanƙwasa falle kaɗan ta tsawo, sannan ta faɗi, za ka ji ɗaya ya fi laushi. Ta wannan ɓangaren mai laushi ninki ya fi kyau. Galibin takardar A4 zarenta ta tsawo ya kwanta, saboda haka in ka raba ta yadda na faɗa, ninkin zai bi zaren da kansa. In ka ji taka tana gardama, ƙara zurfafa layin, ka ninke a hankali.

Tsayar da katin a kan tebur. In ya tsaya cak bai karkata ba, ci gaba. In gefe ɗaya ya fi ɗaya da ɗan kaɗan, rufe shi ka daidaita da rula da wuƙa tun yanzu.

Mataki na 4: Rigar da kwalarta

Yanka takardar rigar santimita 10 a faɗi, 14 a tsawo. In mai ratsi ce, ratsin ya sauko daga sama zuwa ƙasa kamar na rigar gaske, kuma ka tabbatar yankan ya bi ratsin. Karkatar milimita ɗaya a kan takarda mai ratsi ido yana kama ta daga nesa.

Juya bayanta ka yi awo a can, kada fensir ya taɓa fuskar. Daga sama auna santimita 2, ja layi a kwance. A kan wannan layi, yanka santimita 2.5 daga hagu zuwa ciki, santimita 2.5 daga dama zuwa ciki. Tsakiyar, mai santimita 5, a bar ta a haɗe. Yanzu kana da kunnuwa biyu a sama.

Juyo fuskar. Sa ɗan ɗigo mara nauyi a tsakiyar faɗin, wato santimita 5 daga kowane gefe, santimita 4 daga sama. Kama kunnen hagu ka ninko shi gaba a karkace har kusurwarsa ta sama ta sauka kan ɗigon. Yi wa na dama haka. Kusurwoyin biyu za su haɗu a wuri ɗaya, sai ka ga kwala ta fito da bakinta biyu suna kallon ƙasa. Kada ka danne karin sai ka duba su biyun sun yi daidai. Riƙe su da yatsa, ɗaga takardar ka kalle ta daga ɗan nesa, sannan ka goga da cokali.

Ka lura da wani abu: tunda gaba ka ninko kunnuwan, bayan takardar ne zai zama fuskar kwalar. In bayan fari ne, ka samu riga mai farar kwala, kuma tana da kyau. In akwai rubutu ko layin fensir a bayan, goge layin, ko ka manna wata siririyar takarda a saman bayan, mai faɗin santimita 2, tun kafin ka yanka kunnuwan.

Kafaɗun da suka rage a ƙasan yankan suna da kusurwa mai kaifi. Rage su da almakashi su ɗan gangara kamar kafaɗar mutum. Yanka ɗaya, ɗauki guntun da ya fita ka juya shi ka ɗora a ɗaya kafaɗar ka bi shi, sai su fito iri ɗaya.

Kada ka manne kwalar gaba ɗaya. Ɗigon gam a daidai inda kusurwoyin suka haɗu ya isa, kuma sai bayan mataki na gaba. Bakin kwalar ya ɗan tashi, wannan ɗan inuwar da yake yi ita ke sa rigar ta zama kamar ta gaske.

Mataki na 5: Gaban riga da maɓalli

Yanka siririyar takarda mai faɗin santimita 1.2, tsawo 10.5, daga takardar rigar. Manna ta a tsakiya, kanta ya shige ƙarƙashin kwala, ƙasanta ya yi daidai da ƙasan rigar. In ta yi saura, datse. In kana so, ja ɗinkin ƙarya a gefenta biyu da biro mai siririn baki, gajerun layuka a jere da rula. Yanzu sai ka sa ɗigon gam ɗin kwala.

Maɓalli kuwa, kafin ka manna, zura zare a cikin hudojinsa sau biyu ko uku, ka ƙulla a baya, ka datse. Maɓallin da babu zare a idonsa kullum kamar bai ƙarasa ba yake. In ka samu maɓallan tsohuwar rigar mutumin da ya daina sa wa, babu kamar su, amma ka tambayi mai kula da kayan kafin ka cire. Jera su ba gam tukuna, tazarar kamar santimita 2.5 tsakaninsu, na farko dab da ƙasan kwala. In sun yi maka, ɗebo farin gam da tsinke, ɗigo ɗaya a bayan kowanne. Guji gam ɗin nan mai kamawa nan take: yana barin farin hazo a kewayen maɓalli, yana ratsa takarda ya yi tabo, kuma ba ya ba ka damar gyarawa.

In babu maɓalli, huda ƙananan da'irori daga kwali, manna biyu a kan juna don su yi kauri, ka sa ɗigo huɗu da biro a tsakiya.

Mataki na 6: Aljihu

Aljihun rigar namiji yana hagun mai sa ta, wato damanka kai da kake kallo. Ana yawan juya wannan.

Yanka takarda santimita 4 da 4. A baya, ja layi rabin santimita daga hagu, daga dama, da ƙasa. Datse ƙananan kusurwoyin ƙasa biyu, ka ninke gefunan uku zuwa baya. Aljihun zai koma faɗi 3, tsawo 3.5. A kan waɗannan gefunan da ka ninke kaɗai za ka sa gam, saman a bar shi a buɗe. Ninkin shi ke ba aljihun ɗan ciki yadda abu zai shiga ya fita. In ka manna falle a shimfiɗe, da an cusa abu zai ɓalle. Manna shi bakinsa na kamar santimita 6 daga saman rigar, a tsakiyar filin da ke tsakanin maɓalli da gefe.

Sai abin da zai shiga ciki, wanda ka tuno a mataki na farko. Biro: siririn kwali mai faɗin milimita 4, tsawo santimita 5, da ɗan mariƙi na takardar aluminiyam. Tabarau: zana shi a ninke a kan baƙin kwali ka yanka da ƙaramin almakashi, hannu ɗaya ya rataya a bakin aljihu. Makaniki ko kafinta: sukudireba ko fensir mai faɗi. Ko kuwa ɗan guntun takarda a ninke da jimla ɗaya a ciki, kansa ya leƙo yadda za a ga na ja ne. Abu ɗaya ko biyu sun isa. Aljihun da aka cika maƙil yana janye ido daga rigar.

Mataki na 7: Haɗa riga da gindi

Babban kuskuren masu farawa a nan yake: shafa gam na ruwa a bayan rigar gaba ɗaya. Ruwan yana shiga takarda ta kumbura, in ta bushe ta motse, katin ya bankare kamar ganyen da rana ta buga, kuma babu gugar da za ta dawo da shi. Ya taɓa lalata mini aikin yini guda a daren da ya kamata in miƙa katin, sai da na sake daga farko.

Yi amfani da salatif mai manne gaba da baya a gefuna huɗu da ɗan guntu a tsakiya, ko gam na sanda a shafa siriri har bakin gefe. In farin gam kaɗai gare ka, ɗiga kaɗan a kan wani kwali, ka ɗebo da guntun kwali ka shafa siriri ƙwarai a gefuna kawai.

Kafin ka manna, duba katin yana buɗewa ta dama, ninkin na hagu. Na ga kyawawan katuna da aka manne a juye. Ɗora rigar ba dannawa, duba tazarar hagu da dama ta zo ɗaya, sannan ka danna daga tsakiya zuwa waje da farar takarda a ƙarƙashin tafinka.

Mataki na 8: Rubutun ciki

Yanka farar takarda santimita 20.4 da 14.2, ninke ta biyu. Yi rubutun kafin ka manna, domin in ka yi kuskure falle kawai za ka sake. Ja layukan fensir marasa nauyi, rubuta, bar tawadar ta bushe minti goma kafin ka goge layukan. Sannan ja gam siriri a bayan fallen, dab da ninki, ta ɓangare ɗaya kawai, ka zaunar da shi cikin katin ka rufe. In ka manna ɓangarorin biyu, katin ba zai buɗe sosai ba, takardar ciki ta yi ta tattarewa.

Me za a rubuta? Nan ma mutane ke tsayawa, domin yawancinmu ba mu saba faɗa wa iyayenmu maza abin da ke ranmu ba. Shawarata ita ce ka bar manyan kalmomi, ka ambaci abu ɗaya da ya faru. "Baba, ban manta daren da ka kwana zaune a gefen gadona a asibiti ba. Na gode. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana." Ko: "Yaya, kai ka koya mini tuƙa keke, kai ka riƙe ni har na daina faɗuwa. Har yanzu kana riƙe da ni." Ko ga Kawu: "Duk lokacin da na zo da magana ka saurare ni har ƙarshe. Allah ya saka da alheri." Layi uku ko huɗu sun wadatar. Kira shi da sunan da kake kiransa a gida, kuma ka rubuta da hannunka ko da kana ganin rubutunka ba shi da kyau. Shi ya san rubutun, kuma shi yake so ya gani. In akwai ƙananan yara a gidan, bar musu shafin hagu su sa hannu ko su yi zane.

A fuskar katin ba dole ne a yi rubutu ba. Rigar ta isa. In kana so, ɗan guntun farin kwali a cikin wuyan rigar, a inda tambarin kamfani ke zama, da "Baba" a kai, ya fi dogon rubutu kyau.

Mataki na 9: Danne shi ya kwana

Sa katin tsakanin farar takarda biyu. Saboda maɓallan sun taso, ɗora ƙyalle mai laushi a ninke a kan fuskar kafin ka ɗora littattafai biyu ko uku, in ba haka ba maɓallan za su huda shaida a bayan katin, kwalar kuma ta baje. Bar shi har safe.

In riga ba ta dace da shi ba

Gindin da ninkin da rubutun ciki duk ɗaya ne, fuskar kawai ke sauyawa.

Ga mai aikin hannu, yanka samfefa mai laushi santimita 9 da 13 ka manna a kan kwali mai ruwan ƙasa. Zana sifana ko guduma ko zarto a kan kwali, yanka, lulluɓe da takardar aluminiyam ta ɓangarenta mara sheƙi, ka goga da bayan cokali har ta kwanta. Samfefa na kashe bakin almakashi, don haka juya ta ka yanka ta baya da tsohuwar wuƙa. Farin gam ne ke kama abu a kanta, salatif ba ya zama.

Ga matashi, ɗan'uwa ko aboki, aljihun tsohon wandon jins. Ƙaramin aljihun nan na gaba ya fi dacewa da girman A6. Yanko shi da ɗan yadin kewayensa, goge shi da dutsen guga, manna da salatif mai manne gaba da baya. Gam na ruwa yana ratsa yadi ya yi duhu.

Ga wanda ke zaune nesa ko mai yawan tafiya, guntun tsohuwar taswira da ke nuna inda yake da inda kake. Huda ƙananan hudoji biyu da allura a wuraren biyu, ka haɗa su da jan zare, ƙullin a baya. Wannan ya fi kowanne sauƙi, kuma na ga yadda yake taɓa zuciyar mutum.

Mataki na 10: Ambulan

In ka samu C6, mai santimita 11.4 da 16.2, shi ke nan. In babu, yanka takardar A4 ta zama murabba'i, 21 da 21. Juya ta kusurwa ɗaya na kallonka, ɗora katin a kwance a tsakiya, ka zana kewayensa da fensir kana barin ƙarin milimita 3 a kowane gefe saboda kaurin maɓalli. Ninko kusurwar hagu da ta dama, za su kusan haɗuwa a tsakiya. Ninko ta ƙasa a kansu, datse ƙananan kunnuwan da suka taru a kusurwoyi, ka manna gefunanta. Cire katin kafin ka sa gam, kuma ka bari ya bushe kafin ka mayar da shi.

In ta gidan waya za ka aika, ɗora guntun kwali mai girman katin a kan fuskarsa kafin ka rufe, domin injin tantance wasiƙu yana matse ambulan, maɓalli kan yaga takarda ko ya fashe. Ka kuma rubuta adireshi tun ambulan na fanko, kada bakin biro ya bi ta kan kwalar. Kafin ka zura katin, juya bayansa ka rubuta sunanka da shekarar da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa, sannan ka sa shi fuskar rigar na kallon bakin ambulan, yadda rigar ce za ta fara leƙowa in ya buɗe.